Wata Takwas Ina Ƙirga Bugun Zuciyata

Lamba ta farko da na rubuta a littafin ita ce 118, bugun zuciyata a minti ɗaya. Wata safiya ce cikin Disambar 2023, bayan sallar asuba, ina zaune a bakin gado ko tsintsiya ban ɗaga ba. Na'urar awon hawan jinina ce ta nuna, can ƙasa da lambobin nan biyu da na saba dubawa, wurin da ban taɓa kula da shi ba. Na kwance ta na sake ɗaurawa, ta ce 121. Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin hunturu ya san yadda ruwan randa ke yankar hannu da asuba, amma ni zufa ce ke bin gadon bayana, ƙirjina kuwa sai lugude yake yi.

Kwana uku kafin nan na juye sauran Lexotan ɗina, ƙwayar da nake sha don barci, a masai.

Yadda na fara shan sa ba abin ɓoyewa ba ne. A 2020 mahaifinmu ya yi doguwar jinya, ni ce babbar 'yarsa mace, ni nake kwana a kansa. Bayan Allah ya karɓi abinsa sai barci ya ƙaurace wa idona, in kwanta ƙarfe goma, kiran assalatu ya same ni ina kallon rufi, ga aji na jirana da safe. Likita ya rubuta mini ƙwaya ɗaya mai miligiram 3 kowane dare, na sati biyu. Sati biyu ya ce, ba zan yi masa ƙarya ba. Da ta ƙare na ɗauki kwalin na je wani kemis, ya miƙo mini ko takarda bai tambaya ba. Haka aka shafe shekara uku, ƙwaya ɗaya ta zama biyu, ni kuma ina ce wa kaina ai maganin asibiti ne.

Abin da ya sa na zubar, wani shiri ne da muka ji a rediyo kan shaye-shayen ƙwayoyi tsakanin matan aure. Ana cikin lissafa sunaye sai 'yata ta fari ta juyo ta ce, "Mama, wannan da kike sha da dare ba ya cikinsu?" Yana ciki. Kunya ta rufe ni, a daren na yi abin da na yi, har ina jin na yi jarumta.

Dare biyu na farko rashin barci ne kawai. A na uku hannuna ya fara rawa, ƙarar cokali a kwano tana shiga mini har tsakiyar kai, sannan wannan bugun da ba ya lafawa. Surukata Hajiya ta ce faɗuwar gaba irin wannan ba a rasa baki a ciki, ta aiko da rubutu da zuma da man habbatus sauda. Na sha da bismillah, na gode mata. Abban yara ya ce mu je asibiti, na ce a'a, don na san tambayar farko da za a yi mini, ban kuma shirya amsa ta ba.

Ƙanwata da ke aiki a Abuja na fara gaya wa gaskiya. Ita mutum ce mai son safulimen, wato ƙwayoyin nan na ƙarin sinadarai da ake sayarwa cikin manyan robobi masu kyan gani, ba sai da takardar likita ba. Ta ce, "Yaya, jikinki ne ya rasa sinadarai, kada ki koma wa ƙwayar nan." Washegari da yamma direba ya kira ni daga tasha. Cikin kwalin akwai roba uku: maganisiyam, man kifi, da wani garin saiwa na Indiya cikin kafso da ake kira ashwaganda. Kuɗinsu ya kusa rabin albashina. Ta ƙara da cewa wata abokiyar aikinta ta ce fotasiyam ma na daidaita zuciya, in nema a nan Jos. Na nema, na samu a kemis, na haɗa. Na zama mai shan ƙwaya bakwai a rana, ni da na zubar da biyu don kada a ce mini 'yar ƙwaya.

Littafin yana nan, irin na 'yan makaranta mai shafi arba'in, na ɗauko cikin na ɗalibaina. Kwana na biyar 112. Na shida 124. Na bakwai 109, a gefe na rubuta "ya fara aiki" har da jan layi. Na takwas 127. A ranar ne kuma cikina ya ɓaci, na yi ta zirga-zirgar bayan gida, ban kawo komai a raina ba sai na ce sanyi ne ya shige ni. Daren kwana na goma na tashi zan yi alwala, sai na ji ƙasa na tafiya da ni kamar ina cikin kwalekwale, na dafa bango na zame. Abban yara bai sake neman shawarata ba. Da gari ya waye ya tare Keke Napep, muka nufi asibitin koyarwa da ke Lamingo, ya sa na zuba duk robobin a leda.

Bayan an duba ni a ɓangaren marasa lafiya na yau da kullum, aka tura ni wurin likitocin ƙwaƙwalwa. Nan na so in turje. Ni malamar makaranta, a gan ni a layin masu taɓin hankali? Wata nas ta ce, "Anti, su ne suka san kan maganin nan, ba hauka aka ce kina yi ba." Na zauna ina jan mayafi ina rufe fuska, sai ga shi rabin mutanen layin da su da ni ba mai bambanta mu, har da wani dattijo da jaridarsa.

Likitar dattijuwa ce, ba ta da gaggawa. Ta jera robobina a kan tebur kamar mai duba kayan lefe, tana juya kowace tana karanta bayanta. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ta tambayi nawa nake sha, tun yaushe, yaushe na daina, sannan ta ce, "Malama, kin yi sa'a ba ki yi jijjiga ba. Wannan maganin ba saki uku ake yi masa ba, yaye shi ake yi."

Bayaninta ya zauna mini don da abin da na sani ta yi shi. Ta ce Lexotan da Valium dangi ɗaya ne, aikinsu ƙarfafa wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna GABA, wanda ke kwantar da jijiyoyi. An yi su ne don sati biyu zuwa huɗu. In aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa sai ta saba, ta rage nata ƙoƙarin, kamar dokin da aka shekara ana ja masa linzami har ya koyi turjewa. Ran da aka saki linzamin gaba ɗaya, ba tafiya zai yi ba, zabura zai yi. Zaburar ita ce rawar hannu da zufa da rashin barci da bugun nan. Zuciyar babban mutum a zaune tana buga 60 zuwa 100 a minti, abin da ya haura 100 shi ake kira da sauri. Tawa lafiyarta ƙalau, in ji ta, umarni ne ke zuwa mata daga sama, don haka duk abin da zan zuba wa ciki ba zai hana mai ba da umarnin ihu ba.

Duk da haka ba ta yarda ta ɗora komai a kan yayen ba sai da aka bincika. Aka yi mini ECG, aka manna mini wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, takarda ta fito da zane: bugun na da sauri amma a jere yake, ba ya tsallake. Aka ɗebi jini don duba ƙoda da gishirin jiki, da yawan jini, da zazzaɓin cizon sauro, da tayirod, ƙwayar nan ta maƙogwaro da kan kumbura ta zama maƙoƙo, domin in ta yi aiki fiye da kima ita ma tana sa zuciya gudu.

Sakamakon ne ya sa jikina ya yi sanyi. Fotasiyam ɗina ya kai 5.3, alhali tsakanin 3.5 da 5.0 ake son sa. Ashe lisinofiril da nake sha na hawan jini yana sa ƙoda ta riƙe fotasiyam. Ga shi kuma na daɗe ina girki da gishirin nan da ake sayar wa masu hawan jini, wanda aka rage masa sodiyam aka cike gurbin da fotasiyam, ban taɓa karanta jikin robar ba. Sai na zo na ɗora ƙwaya a kai. Likita ta ce idan ya yi yawa sosai a jini, shi kansa yana rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita, kuma sau da yawa ba ya yin sallama. Ta ɗauki kwalin fotasiyam ɗin ta sa a aljihun teburinta, ba ta mayar mini ba.

Maganisiyam kuwa shi ne ya ɓata mini ciki. Irin wanda aka aiko mini, mai suna okzayid, shi ya fi araha, hanji ba ya tsotse shi sosai, sai ya ja ruwa ya sa gudawa. Dangin farin maganin nan ne da ake sha don a saki ciki. Ina shan miligiram 400 sau biyu a rana, alhali a Amurka iyakar da aka sa wa babba daga ƙwaya, ban da na abinci, 350 ne. Gudawa ta zubar mini da ruwa, rashin ruwa kuma ya ƙara wa zuciya gudu. Wato da kuɗin ƙanwata na sayo wa kaina ƙarin bugu. Ta ce ba wai sinadarin banza ba ne, shi ake yi wa mata allura idan jijjigar haihuwa ta kama su, kuma wanda nasa ya yi ƙasa da gaske zuciyarsa kan rikice. Amma mai ciwon ƙoda ba ya taɓa shi sai da izini, don ƙoda ce ke fitar da rarar.

Ashwaganda ta ce in ajiye. Tana iya ɗaga sinadarin tayirod, an samu waɗanda ta taɓa wa hanta, ƙasar Denmak ma ta hana sayar da ita a 2023, sannan tana sa maye-maye na barci wanda zai haɗu da na maganin da za ta ba ni. Man kifi ne kaɗai ta ɗaga ta yi murmushi. Ta ce bincike ya nuna yana rage bugun, amma da kamar 2 a minti. "Daga 120 ki koma 118, kin ga riba?" Ta ce kuma masu shan sa da yawa sosai an ga yana ƙara musu haɗarin wani nau'in rikicewar bugun. In ina so in ƙarasa robar ɗaya-ɗaya, in ta ƙare in sayi kifi titus in ci da iyalina.

Abin da ban zata ba shi ne yawan jinina, 31 cikin ɗari, inda ake son mace ta kai 36. Na daɗe al'adata na zuwa da yawa ina ɗauka shekaru ne. Jini in ya yi kaɗan, dole zuciya ta ƙara sauri don ta kai iska ko'ina. Ta rubuta mini ƙwayar ƙarin jini, 'yar ƙaramar nan da ake ba masu ciki a awo, wadda kuɗinta bai kai na kwalbar lemo biyu ba. Cikin duk abin da za a kira ƙarin sinadari, ita kaɗai aka gwada aka ga jikina na bukata, kuma ba ta cikin kwalin Abuja. Aka ce kada in sha ta da shayi don yana hana ta shiga jiki, in sha da lemon zaƙi, kada kuma in tsorata in na ga bayan gida ya yi baƙi.

Sai maganar da na fi ƙi: komawa kan magani. Na ce, "Likita, kwana goma na sha wuya, yanzu a ce in koma baya?" Ta ce wuyar da na sha ba ta sayo mini komai ba tukuna. Ta mayar da ni kan Valium miligiram 10, wanda ya yi daidai da 6 na Lexotan da nake sha. Dalili, Lexotan na fita daga jiki da wuri, rabinsa kan tafi cikin awa goma zuwa ashirin, shi ya sa jiki ke jin faɗuwarsa. Valium kuwa yakan kwana da kwanaki yana raguwa a hankali, ya fi daɗin yaye. Ta haɗa mini da ɗan ƙaramin Inderal na makonnin farko don ya riƙe bugun, bayan ta tambaye ni sau biyu ko ina da asma, domin mai asma ba ya shan sa. Shi ma ta ce ba a yanke shi rana ɗaya, in ba haka ba bugun ya dawo da ƙarfinsa. Ta juya bayan katina ta rubuta abin da in na gani kada in jira ranar ganin likita: ciwon ƙirji, suma, numfashi na sarƙewa, jijjiga, ko bugun ya riƙa tsalle-tsalle.

Kwana biyu da komawa, littafina ya ce 96. Bayan sati, 88. Na yi kuka a ranar, ban san ko na murna ba ne ko na haushi.

Yayen kansa aiki ne na reza da haƙuri. Ƙwayar miligiram 5 nake samu, in ɗora ta a kan faranti in raba huɗu. Duk bayan sati biyu ko uku a cire kashi ɗaya cikin huɗun nan, kuma sai likita ta ga littafina tukuna. Abban yara ne ke riƙe da maganin, kowane dare ya ba ni na ranar, ni na roƙe shi ya yi hakan. Na lura da wani abu da littafin ya koya mini: duk ragin da aka yi, ba washegari bugun ke tashi ba, sai bayan kwana huɗu ko biyar, ya hau zuwa 98 ko 100, ya yi kamar sati sannan ya sauko. Da na gane zuwansa da tafiyarsa sai ya daina firgita ni, rashin firgitar ma ta rage masa tsawo. Na kuma koyi ƙirgawa da yatsa biyu a wuyan hannu, daƙiƙa talatin in ninka biyu, don batirin na'urar ya ishe ni da ci.

Maganisiyam ya dawo daga baya, da izini. Cikin Fabrairu ƙafafuna suka riƙa ɗaurewa da dare, likita ta ga ƙodata lafiya, ta ce in gwada irin gilaisinet, wanda bai cika taɓa ciki ba. Wata mai haɗa magunguna a wani babban shago kusa da Terminus ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake karanta roba. Babbar lambar da ke gaba sau da yawa nauyin haɗin ne gaba ɗaya, ainihin maganisiyam ɗin na rubuce a baya da ƙananan baƙaƙe, kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na waccan ba. Ta nuna mini lambar NAFDAC, ta kuma nuna mini wani layi da ake bugawa a jikin irin waɗannan kaya, mai cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da mai kayan ya yi ba. Shekara nawa ina ganin lambar ina ɗauka shaida ce cewa abu na warkarwa. Ta ja mini kunne kuma cewa in aka taɓa rubuta mini sifiro, wanda ake ba masu taifot, in raba su da awanni, don maganisiyam da ƙwayar ƙarin jini duk suna kama shi a hanji su hana shi aiki. Ɗaurewar ƙafa ta ragu, wannan zan iya shaida. Bugun zuciya kuwa, na bi shafukan kafin da bayan na fara, ban ga wani bambancin da zan rantse a kai ba.

Wanda na ga bambancinsa ƙuru-ƙuru goro ne. Shekarun da nake shan Lexotan ina tashi da nauyin kai, sai na koyi ɓantarar goro a hanyar makaranta, in kora da shayi mai kauri kofi biyu. Ban taɓa lissafa su cikin abin da ke taɓa zuciya ba, goro ai abin Hajiya ne. Da na bari na koma kunun gyaɗa da na acca, lambar safe ta sauko da kusan shida cikin kwana goma, bayan ciwon kai na kwana uku da ya kusa sa in fasa. Na daina kuma sayen maganin mura ko na ciwon kai barkatai, don wasu akwai kafeyin a ciki, sinadarin nan da ke cikin goro da shayi, wasu kuma akwai abin buɗe hanci da ke sa zuciya gudu. Sauran kuwa kasuwar Farin Gada ta ɗauke mini: alayyahu, wake, riɗi, gyaɗa, duk maganisiyam ne da ba ya zuwa a roba. Dankalin Turawa da ayaba da ke cike da fotasiyam likita ta ce in ci yadda na saba, gishirin nan ne dai aka fitar daga kicin.

Da azumi ya kama a Maris ɗin 2024 muka tsayar da ragi wata guda cur. Likita ta ce ƙishirwa da canjin barci sun isa jiki, kada a haɗa masa biyu. Da la'asar bugun kan kai 94, in an sha ruwa ya sauko. A watan ne na saba da wani abu da ta koya mini, in ja numfashi a hankali in sake shi a hankali fiye da yadda na ja, kamar sau shida a minti. Ni da carbi nake yi. In abin ya taso da dare kuma in wanke fuska da ruwan sanyi, wanda a Jos ba sai an nemi firji ba.

Ƙarshen ya fi farkon wuya, ba wanda ya gaya mini haka sai da na isa. Cikin Yuni, da na sauko rabin ƙwaya, na yi dare huɗu ba barci, lamba ta koma 106, na zauna a tsakar gida ƙarfe biyun dare ina tunanin kemis ɗin nan da na san har yanzu zai miƙo mini. Da safe na kira ƙanwata ina kuka. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, akwai wani sabo da aka kawo, amma bari dai ki tambayi likitarki." Muka yi dariya mu biyu. Likita ba ta ƙara mini ba, ba ta kuma rage ba, muka tsaya a nan sati biyar. Daga nan kashi ɗaya cikin huɗu, daga nan wani ɗan ɓarɓashi da reza ma ba ta iya raba shi daidai.

Na ƙarshe na sha shi a ƙarshen Agusta, ana ruwan nan na Jos da ba ya ɗaukewa. Jinina ya koma 37. Robar ashwaganda na nan a saman kwaba ko rabi ba a sha ba, na rasa wanda zan ba da zuciya ɗaya, na kuma kasa zubarwa saboda kuɗin da aka kashe. Na ci gaba da rubutu har tsakiyar Satumba, lamba ta ƙarshe 78. Shafukan da suka rage ɗan autana ya cika su da jadawalin sau.